Kogon Howe: Inda ciwon jemagu ya faro, har ya kai ga jarirai

Mai karatu, idan Allah Ya kai ka birnin New York na Amurka, kuma ka samu yini guda da ba ka da wata hidima, ka shiga jirgin ƙasa mai zuwa arewa. Zai bi da kai gefen Kogin Hudson na kimanin awa biyu da rabi, ya sauke ka a Albany, babban birnin jihar. Daga nan sai ka nemi mota ka yi yamma kamar kilomita 60, ta cikin gonakin masara da garken shanu, har ka isa wani ƙauye da ake kira Howes Cave a gundumar Schoharie. A ƙarƙashin wannan ƙauye akwai kogon da ya janyo wa gwamnatin Amurka kashe miliyoyin daloli a kan jemage.

Shanu ne suka fara nuna wurin. A shekarar 1842 wani manomi mai suna Lester Howe ya lura cewa duk ranar da aka yi zafi shanunsa ba sa neman inuwa, sai su taru a gindin wasu ciyayi a gefen tudu. Da ya je ya duba, sai ya ji iska mai sanyi tana fitowa daga wani rami. Shekara ɗaya bayan haka ya fara shigar da baƙi suna biyan kuɗi. Yau ba sai ka yi rarrafe ba. Lif ne zai sauke ka kusan mita 48 ƙarƙashin ƙasa, ka taka kan hanyar da aka shimfiɗa da bulo, a ƙarshe a ɗauke ka a ƙaramin jirgin ruwa a kan wani tafki da rana ba ta taɓa haska shi ba. Ka tafi da rigar sanyi, domin ko da rani ko da hunturu, sanyin ciki yana tsaye ne a wajen digiri 11.

Wannan sanyi da danshi su ne abin da jemagu ke nema. Jemagun wannan yanki ƙanana ne, nauyin ɗaya bai kai na cokalin sukari biyu ba, kuma ƙwari kaɗai suke ci. Idan ƙanƙara ta sauka ƙwari suka ɓace, sai su shige koguna da tsofaffin ramukan ma'adinai, su rataye su yi barcin watanni. Jikinsu yakan yi sanyi daidai da bangon kogon, bugun zuciya ya ragu, su rayu da ɗan kitsen da suka tara a kaka har bazara ta dawo.

A watan Fabrairun 2006 wani mai yawon koguna ya shiga wani ɓangare na wannan kogo da ba a kai baƙi, ya ɗauki hoton wasu jemagu da farin abu a hancinsu, kamar an barbaɗa musu gari. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci a lokacin. Sai da hunturun 2007 ya zo, ma'aikatan kula da namun daji na jihar suka riƙa tarar da gawarwakin jemagu birjik a kogunan da ke kusa, wasu kuma suna yawo da rana tsaka a kan ƙanƙara, abin da lafiyayyen jemage ba ya yi. Daga nan aka raɗa wa cutar suna ciwon farin hanci.

Abin da ke kawo ta fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan burodin da ya daɗe, kuma dangin ƙwayar da ke sa yara makero a ka. Masana suna kiran ta Pseudogymnoascus destructans. Sanyi take so, ba ta girma idan ɗumi ya wuce digiri 20, shi ya sa ba ta kama ɗan Adam. Amma jemage mai barci, da jikinsa ya yi sanyi kuma garkuwarsa ta yi rauni, ya zame mata gona. Takan ci fatar fukafukinsa, ruwan jikinsa ya riƙa tsiyayewa, ya riƙa farkawa fiye da ƙima. Kowace farkawa tana ƙone kitse. Kafin bazara kitsen ya ƙare, sai ya fita neman ƙwarin da babu su, yunwa da sanyi su gama da shi. Bincike ya nuna fumfunar baƙuwa ce daga nahiyar Turai, inda jemagun can suka daɗe da sabawa da ita, kuma ana kyautata zaton mutum ne ya kawo ta a takalmi ko kayan aiki.

Daga wannan ƙauye ta bazu ta kowace fuska. A shekarar 2012 Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka ta ƙiyasta cewa jemagu miliyan 5.7 zuwa 6.7 sun mutu. A 2016 aka same ta a jihar Washington, can gaɓar yamma, ta tsallake fiye da kilomita 2,000 a lokaci guda. Wani nazari na 2021 ya gano cewa nau'i uku na jemagu sun rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na yawansu cikin ƙasa da shekara goma. Kuma galibi macen jemage ɗa ɗaya take haifa a shekara, don haka gurbin da aka yi ba mai cikewa ba ne da wuri.

Wataƙila ka ce, to mene ne na damuwa, jemage ne fa, shi ba tsuntsu ba shi ba ɓera ba? Haka wasu Amurkawa ma suka ce lokacin da majalisar dokokinsu ta ware dala miliyan 1.9 a 2009 don binciken cutar. A 2011 gwamnati ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da ita, kuma tun daga nan waccan hukuma take raba tallafi ga jihohi da jami'o'i da masu bincike. A 2017 aka ƙara da wani asusu na haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni.

Idan kana son ganin inda kuɗin suke tafiya, sai ka bar New York ka nufi birnin Madison a jihar Wisconsin. A can ne cibiyar gwamnati mai binciken lafiyar namun daji ta fara gano fumfunar, kuma a can ne ake gwada rigakafin da ake ɗiga wa jemage a baki. Masanan hukumar gandun daji sun gano cewa wani nau'in haske mai ƙarfi, irin wanda ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, yana hallaka fumfunar cikin daƙiƙoƙi. A jihar Pennsylvania an gyara bakin wasu tsofaffin ramukan ma'adinai don sanyi ya ƙaru a ciki, har ya kai inda fumfunar ba ta iya girma da sauri. Wasu kuma suna kunna fitilu kusa da koguna a lokacin kaka don tara ƙwari, jemagu su ci su yi ƙiba kafin su kwanta. A Kogon Mammoth na jihar Kentucky, wanda ya fi kowane kogo da aka sani tsawo a duniya, duk baƙon da ya fito sai ya taka wata tabarma mai ruwan wanki kafin ya tafi, don kada takalminsa ya kai cutar wani wuri. Har yanzu ba a samu maganin da ya kawar da ita ba, amma a wasu kogunan New York ragowar jemagun sun fara jurewa, adadinsu yana ɗan ɗagowa.

Amsar tambayarka kuwa tana cikin gonakin da ka ratsa a hanyar zuwa kogon. Jemage mai shayarwa kan ci ƙwari kusan nauyin jikinta a dare ɗaya, kuma da yawansu ƙwarin da ke ɓata amfanin gona ne. A 2011 masana suka lissafa cewa wannan aiki na kyauta ya kai aƙalla dala biliyan 3.7 a shekara ga manoman Amurka. Idan jemage ya tafi, manomi ba zai zuba ido tsutsa ta cinye masa masara ba, feshi zai ƙara.

Nan ne zancen ya shigo cikin gida. A watan Satumbar 2024 mujallar kimiyya ta Science ta buga binciken Eyal Frank, masanin tattalin arziki a Jami'ar Chicago. Ya kwatanta gundumomin da cutar ta shiga da waɗanda ba ta kai ba, daga 2006 zuwa 2017. A inda jemagu suka mutu, manoma sun ƙara maganin ƙwari da kashi 31 cikin 100. A waɗannan gundumomin kuma, mutuwar jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, wadda ba ta haɗari ko kisa ba, ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100. Ya ƙiyasta ƙarin jarirai 1,334 ke nan. Ya duba ko rashin aikin yi ko shan ƙwaya ko sauyin yanayi ne sanadi, bai ga sun bayyana ƙarin ba. Binciken na alƙaluma ne, bai bi jariri ɗaya-ɗaya ba, amma ya dace da abin da likitoci suka daɗe da sani, cewa ɗan tayi da jariri sun fi kowa rauni a gaban guba, ko ta iska ta zo ko ta ruwan sha. Ka ɗora waɗannan rayuka a gefe ɗaya na sikeli, ka ɗora kuɗin binciken jemage a ɗaya gefen, za ka ga wanne ya yi arha.

Wannan cuta ba ta ƙasarmu ba ce, don jemagunmu ba sa barcin hunturu. Amma maganin ƙwari namu ne, a gonar wake da rumbun ajiya da ɗakin kwana. Idan za a yi feshi a gida, a fitar da mai ciki da jariri, a rufe abinci da ruwa, a buɗe tagogi iska ta ratsa sosai kafin su dawo. Kada a zuba maganin gona a ɗaki don sauro, gidan sauro ya fi aminci. Jemagen da ke shawagi a tsakar gida da magariba kuwa, a hana yara harbinsa da danƙo, kuma kada kowa ya ɗauki wanda ya faɗo da hannu, domin yana iya ɗauke da cututtuka irin su ciwon haukan kare.

Idan ka fito daga lif ɗin Kogon Howe da la'asar sakaliya a lokacin rani, kada ka yi saurin shiga mota. Ka ɗan tsaya a kan ciyawar tudun nan da shanun Lester Howe suka taɓa taruwa, ka kalli sama ta wajen gonaki har duhu ya fara. Idan ka ga ƙaramin abu baƙi yana karkacewa yana bin ƙwari, to jikan waɗanda suka tsira ne, ya fito aikin dare.