Garin da aka saida tankar yaƙi aka gina lakkol

A arewacin ƙasar Italiya, cikin Turai, akwai wani gari ana ce mishi Rejiyo Emiliya. Mutanensa wajen 170.000 ne, wato bai kai Maraɗi yawan jama'a ba. Wanda ya shiga jirgin ƙasa a birnin Milan ya nufi Bolonya, in ya wuce Parma, to ya fara tattara kayansa, ya kusa sauka.

Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ruwa. Kogin Po na arewa da garin, duwatsu na can kudu. Lokacin ɗari wani irin hazo mai sanyi da laima yakan rufe gonaki, har mutum ba ya ganin iccen da ke gabansa. Mutanen karkara manoma ne kuma masu kiwo. Suna da wasu jajayen shanu nasu na gado. Da nonon shanun ƙasar ake yin cukun da ya yi suna cikin duniya duka. Ba irin na Abzin ba ne mai faɗin tafin hannu. Guda ɗaya yana kai kilo 40, yana cin madara fiye da litir 500, kuma sai ya shekara a ajiye kafin a fidda shi kasuwa.

Amma akwai baƙin da ke zuwa Rejiyo ba don cuku ba. Malaman lakkol ne da masu bincike daga ƙasashe da yawa. Abin da suke zuwa gani shi ne lakkol ta ƙananan yara, ƴan shekara 3 zuwa 6, wadda a Nijar ake ce ma jardan.

Mafarin labarin ba cikin gari yake ba. In aka fita yamma bisa hanyar Parma, kilometir kaɗan, akwai wani ƙauye sunansa Billa Cella. Cikin watan Afrilu na shekara ta 1945 babban yaƙin duniya na biyu ya ƙare a Italiya. Sojan Jamus sun gudu, sun bar tankar yaƙi guda, manyan motoci uku da dawaki shida. Mutanen ƙauye suka saida su. Ga kuɗi a hannu, ga talauci, ga gidajen da bom ya rushe. Me za a yi da kuɗin? An ce maza sun so a gina gidan kallo. Mata suka ce a'a, lakkol za a gina ma yara ƙanana. Maganar mata ta ci.

Wani manomi ya ba da fili. Aka yi gayya. Mata suka riƙa tsintar tubali cikin kangaye suna kankare shi, ana ɗebo rairayi daga gulbi. Da rana kowa na gonarsa ko wurin aikinsa. Gini sai da dare, da kuma ran Lahadi. Ba gwamnati ce ta ce su yi ba, ba wani mai kuɗi ne ya ba su ba.

Wani saurayi mushe ɗan shekara 25, sunansa Loris Malaguzzi, ya ji labari cikin gari. Bai yarda ba. Ya hau kekensa ya tafi ya gani da idonsa. Da ya iske mata na wanke tubali, sai ya tsaya tare da su. Aka buɗe lakkol ɗin cikin 1947. Sunanta yanzu 25 ga Afrilu, ranar da Italiya ke tunawa da fita daga yaƙin. Shi kuwa Malaguzzi bai sake barin aikin yara ba har rasuwarsa cikin 1994.

Wasu ƙauyuka da unguwannin talakawa suka yi koyi. Cikin 1963 hukumar magajin gari ta buɗe tata ta farko. Lokacin nan kusan duk jardan na Italiya hannun coci suke, saboda haka mutane da yawa ba su amince da sabon abin ba. Dabarar da aka yi ita ce, sau ɗaya a mako a zuba yara da kayan aikinsu cikin babbar mota, a kai su dandalin gari, a yi karatu a fili kowa na kallo. Mai zargi ya zo ya tsaya ya ga abin da ake koya ma ɗan maƙwabcinsa.

Baƙon da ya shiga ɗaya daga cikin lakkol ɗin nan, abin da zai fara lura da shi shi ne ba layin benci. Ba mushe tsaye gaban allo yana faɗa yara na maimaitawa. Bulala kuwa ba a ko maganarta. A tsakiya akwai fili kamar tsakar gida, inda yaran azuzuwa duka ke gamuwa. Kowane aji, wajen yara 25, malamai biyu ne. Akwai ɗaki guda cike da yumɓu, waya, fenti, takarda da madubai, da wani gwanin zane mai kula da shi. Madafa ma ba a ɓoye ta ba. Yara na ganin mai dahuwa tana aiki, suna taya ta jera kwanoni, suna ƙirga nawa ake bukata. Ita ma cikin masu koyarwa ake lissafa ta.

To, me yaro ke koyo in ba a faɗa mishi ya maimaita ba? Ga misalin da ya fi bayyana abin. A lakkol da ake ce ma Diyana, wadda ke cikin lambun tsakiyar gari, ƴan shekara 5 zuwa 6 sun ga teburinsu bai ishe su ba. Suna son wani irinsa. Aka kira kafinta. Kafinta ya ce zai yi, amma sai sun ba shi awo. Malamai suna da metir cikin akwati. Ba su fiddo shi ba.

Yara suka fara da yatsu. Lissafi ya ɓace musu a hanya. Suka koma tafin hannu, suka gwada ludayi, suka gwada littafi. Sai suka ga hannun wannan ya fi na wancan, awon bai zo ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa sayen igiya da gaba, ko ya auna gona da taki, ya san wannan rigima: gaban dogo ba gaban gajere ba ne. Wasu yaran suka ce ai sun san metir, suka yanke takarda kowa ya zana nashi ya rubuta lambobi. Da aka aza bisa teburi, kowane metir da abin da ya faɗi. Gardama ta tashi. Daga nan wani ya tuɓe takalminsa, aka bi tsawon teburi da shi, aka je aka dawo, lissafi ya zo daidai. Murna ta kama su. Amma kafinta ba zai tafi da takalmin yaro ba. Sai a lokacin suka nemi metir na gaskiya, suka auna takalmin da shi, suka gane dalilin da ya sa mutane suka yarda da ma'auni guda. Suka zana teburi, suka rubuta awo, suka ba kafinta.

Aikin ya ci kwanaki. Mushe mai gaggawa zai koya wannan darasi kafin a tashi shan iska. Sai dai yaron da aka ce ma metir santimetir 100 ne, yana iya mantawa kafin damana. Wanda ya sha gardama bisa takalmi da wuya ya manta. Malaman kuma ba zaune suke ba. Suna rubuta duk abin da yaro ya faɗi, suna ɗaukar hoto, su taru su duba, su shawarta tambayar da za su jefa gobe. Wannan shi ne binciken da suke yi kullum. Daga rubutun nan aka buga littafin labarin teburi cikin 1997. Sauran kuma ana manna su ga bango, don uwa in ta zo ɗaukar ɗanta ta karanta abin da ya ce yau.

Garin kansa aji ne. A dandalin San Prospero, inda kasuwa ke ci, akwai zakoki shida na jan dutse gaban coci. An taɓa kai yara can su yi hoton zaki. Suka hau bayansa, suka shafa gashin wuyansa, suka auna bakinsa, suka dubi inuwarsa, sannan suka koma suka yi shi da fenti da yumɓu.

Cikin 1991 wata jaridar Amurka, Newsweek, ta sa Diyana cikin lakkol goma mafi kyau na duniya. Daga nan baƙi suka yi yawa. Amma yabon jarida ba hujja ba ne. Uba mai hankali zai tambaya: yaran nan, da suka girma, sun fi sauran?

Wasu masana sun bi sawun wannan tambaya. Babbansu James Heckman ne na jami'ar Shikago, wanda ya samu kyautar Nobel cikin 2000. Sun tambayi mutane a Rejiyo da garuruwa biyu, Parma da Padowa: yara, samari, da manya masu shekara 30, 40 har 50. Suka fidda sakamako cikin 2018. Wanda ya yi jardan ta Rejiyo, in an gwada shi da wanda bai shiga jardan ba sam, ya fi samun aiki, ya fi gama lise, ya fi iya zama da mutane, ya fi fita jefa ƙuri'a. Amma in an gwada shi da wanda ya yi wata jardan daban, ta coci ko ta gwamnati, bambancin kaɗan ne ƙwarai.

Wannan bai yi ma masu yabo daɗi ba, amma gaskiya ce, kuma tana da dalili. Cikin shekarun nan maƙwabta ba barci suka yi ba. Sun ga abin da ake yi a Rejiyo sun ɗauki da yawa daga ciki. Kamar manomin da ya kawo sabon irin gero ne: bayan shekara goma duk gari ya shuka shi, mai awo ya zo ya ce gonarsa ba ta fi ta kowa ba. Akwai kuma wata wuya. A gonar gwaji, malamin gona shi ke raba fili biyu, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, iri kawai ya bambanta. Yara ba a raba su haka ba. Iyaye ne suka zaɓi inda za su kai ɗiyansu, kuma gidaje ba ɗaya ba ne. Saboda haka raba aikin lakkol da aikin gida sai da taka-tsantsan.

Abin yana cin kuɗi, wannan ma a faɗe shi. Malamai biyu ga yara 25, da gwanin zane, da mai dahuwa, hukumar gari ce ke ɗaukar mafi yawan nauyinsu, iyaye na biya gwargwadon ƙarfinsu. Ƙauyen da mushe ɗaya ke fama da yara masu yawa cikin rumfar kara ba zai yi haka ba gobe. Sai dai labarin teburi bai ci komi ba ban da takalmi, takarda da haƙurin malami. Kowace lakkol kuma tana da majalisar iyaye, masu zuwa taro da dare bayan aiki, kamar yadda kakanninsu suka yi gini.

Matafiyi in zai koma, kusa da tashar jirgin ƙasa zai ga wani dogon gini. Dā ma'ajiyar cuku ce. Cikin 2006 aka maida shi gidan bincike bisa tarbiyyar yara, aka sa mishi sunan Malaguzzi. Inda ake jera cuku ya shekara, yanzu zanen yara ne da maganganunsu ke jere, malamai baƙi na bi suna karantawa da tafinta.