Biki Ya Tashi, Wa Zai Riƙe Tarihin?

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, to yau waiwaye nake so mu yi, ni da kai, a kan garinmu Katsina ta Dikko ɗakin kara.

A shekarar 2021 tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa suka yi bikin cikar makarantarsu shekara 100. Duk Bakatsine ya san wannan biki namu ne, domin a nan aka yanke wa makarantar cibiya. A 1921 aka kafa ta da sunan Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta a watan Maris na 1922. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, daga can kuma ta koma Zariya a 1949. A cikin ɗakunan ƙasar nan da har yau suke tsaye, waɗanda aka mai da su gidan ajiye kayan tarihi, Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Malam Bello Kagara mai Ganɗoki kuwa a nan ya koyar.

Wallahi na yi murna da wannan biki, kuma ina yi wa waɗanda suka shirya shi fatan alheri. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shi biki kwana biyu ne ko uku. A ɗinka riguna, a yi jawabai, a ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. To bayan an kwashe kujeru fa, wa zai riƙe tarihin?

Ka ga tarihin manya ba ya ɓata da wuri, domin yana da masu tsaronsa. Yaron firamare ma in ka tambaye shi zai jera maka: Ummarun Dallaje ya karɓi gari a zamanin jihadi, Sarki Muhammadu Dikko ya hau a 1906, Usman Nagogo a 1944, Muhammadu Kabir Usman a 1981, Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Madalla. Amma tambayi wannan yaro dalilin sunan unguwar da aka haife shi a ciki, sai ya yi maka zuru. Tambaye shi sana'ar kakan babansa, ko daga wane gari zuri'arsu ta taso, sai ya ce wai ba a koya musu ba. Ai ba laifinsa ba ne. Wa ya zaunar da shi ya gaya masa?

Ni dai abin da na sani na gidanmu, daga bakin kakata na ji shi, Allah ya jiƙanta. Ita ta gaya mini yadda mahaifinta yake rini, yadda ake jiƙa baba da toka a karofi, yadda ake bugun turkuɗi har ya riƙa sheƙi, da yadda Buzaye ke zuwa da raƙuma su saya su yi arewa da shi. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta san sunan rijiyoyin unguwa, ta san gidan da aka fara yi wa rufin kwano, ta san shekarar da aka yi fari da abin da mutane suka ci suka rayu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a littafin makaranta. Ranar da aka kai ta makwancinta, abin da ba mu tambaye ta ba ya tafi tare da ita. Haka kuma ake yi kullum a Masanawa, da Albaba, da Rafindaɗi, da Gambarawa. Ana rufe tsoho, ana rufe labari.

Abin kunya ma, baƙi sun riga mu. Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Katsina a 1851, ya sake dawowa a 1853. Ya ƙiyasta kewayen ganuwarmu ya kai mil 13 zuwa 14, har sunayen unguwanni ya rubuta a littafinsa. Yau ka fita daga Ƙofar Guga ka bi ta Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Kwaya, har ka zagayo Ƙofar 'Yanɗaka inda Lugga ya shigo a 1903. Ƙofofin suna nan da sunayensu, amma ina ganuwar? Wani wurin ruwan sama ya cinye, wani wurin an ɗebe ƙasar an yi tubali, wani wurin gida ya hau kai. Ba Bature ne ya rushe ta ba, mu ne, kwando-kwando.

Kuma kada wani ya ce ilmi a 1921 ya fara a garin nan. Hasumiyar Gobarau ta girmi kwalejin da ɗaruruwan shekaru, ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau. Shehu Magili ya zo Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Wali Ɗan Marina da almajirinsa Wali Ɗan Masani sun yi rubuce-rubuce a ƙarni na 17. Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da hatimai, ya je har Misra ya rubuta littattafai, a Alƙahira ya rasu a 1741. Yau a zaurukan malamai da dama akwai gafakokin da ba a kwance ba tun rasuwar masu su. Magada na jin nauyin taɓawa, gara da zubar damina kuwa ba su san jin nauyi ba.

To me za a yi? Ni a ganina ba sai mun zauna jiran hukuma ba. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, akwai jami'o'i, amma ba za su shiga kowane zaure da kowane tsakar gida ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, kafin ya fitar da littafinsa na tarihin Katsina a 1981, garuruwa da ƙauyuka ya bi yana zama gaban tsofaffi yana sauraro. Abin da ya yi wa ƙasar Katsina duka, mu yi wa unguwanninmu.

Muna da ƙungiyar ƙwallo a kowace unguwa, muna da ƙungiyar gyaran magudanar ruwa, muna da adashe. Me zai hana samari biyar ko shida su haɗu su zama masu tattara tarihin unguwarsu? Wayar da ke aljihunka ta isa. Ka sayi goro, ka je ka gaishe da tsoho, ka ce, “Baba, don Allah a ba mu labarin yadda unguwar nan take kuna yara.” Ka yi shiru ka saurara, kada ka gyara masa zance. Ka rubuta sunansa da ranar da kuka yi hirar. 'Yan mata su shiga cikin gida wurin su Goggo da Inna, domin rabin tarihin yana can, na saƙa da kaɗi da aure da haihuwa. In biyu sun saɓa a labari, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi mai daɗi a bar mai ɗaci. Takardun da ke gafaka a ɗauki hotonsu shafi-shafi da izinin magada, a mayar musu da abinsu. Mai hali kuma ya leƙa Maraɗi, domin sarakunan Haɓe da suka bar birnin nan bayan jihadi can suka kafa, kuma akwai labarinmu a bakin jikokinsu.

Malaman makaranta kuma, ko sau ɗaya a shekara, a kai yara Gobarau da tsohuwar kwaleji da ƙofar Gidan Korau. Abin da ido ya gani ya fi zama a zuciya.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. In da tsoho a gidanku, ɗan'uwa, kada ka bari sai bayan salla. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Amin.