Fankar aji: da me za a rage gudunta?

Iyaye da dama a nan Damagaram sun fara haɗa kuɗi domin a sa wa azuzuwan ƴaƴansu fanka mai aiki da hasken rana. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba sai an gaya masa dalili ba. Sai dai a tarurrukan kwamitin iyaye da nake zama, tambaya biyu ake yi: fanka nawa, batir nawa. Ni tawa tambayar ita ce, da me za a rage gudunta?

Fankar da ba ta san komai ba sai kunnawa da kashewa wahala ce ga malami. In ka kunna ta, ta watsa takardu, ta tayar da ƙurar alli, ƙararta ta danne muryar yarinyar da ke karatu daga bencin baya. In ka kashe, gumi ya jiƙa littattafai, rabin aji ya shiga gyangyaɗi.

Akwai fankokin da ake juya akalarsu da wata ƴar wuta daban, ba wadda ke juya injin ba. Siraran wayoyi ne ke kai ta, ƙarfinta daga volt 0 zuwa 10, kuma aikinta kai saƙo ne kawai. Volt 10 na nufin cikakken gudu, volt 5 kusan rabi, in ta sauka ƙasa da volt 1 yawancinsu sai su tsaya. Tsakanin nan babu matakala, kana iya tsayawa a 3 ko 6 da rabi ko duk inda ka ga dama, kamar yadda ake murɗa kan famfo. Masu aikin lantarki suna ce wa irin wannan saƙo analog. Abin murɗawar kuwa ɗan'uwan maɓallin ƙara murya ne na tsohuwar rediyo.

Inda lissafi ya shigo, nan abin ya fi burge ni. Iskar da fanka ke turawa tana tafiya daidai da gudunta, amma wutar da take buƙata ba haka take ba, sai an ninka gudun da kansa sau uku. Rabin gudu: rabi sau rabi sau rabi, ɗaya bisa takwas ke nan. Ko huɗu bisa biyar na gudun aka tsaya, wutar ta koma kusan rabi. A aikace injin yana cin nasa kason, ragin ba ya kai na takarda, amma ya isa ya raba batirin da zai kai darasin yamma da wanda zai mutu kafin azahar. Na ba ƴan ajin CM2 wannan lissafin, ban taɓa ganin sun kama ninka ɓangarori da sauri haka ba.

Wasu suna cire maɓallin su sa ƴar na'urar jin zafi, ita ke ƙara volt ɗin yayin da ɗaki ke ɗumi. A gidan kaji ko ɗakin ajiye batir, madalla. A aji na fi son maɓalli kusa da allo, don na'ura ba ta san lokacin shifta ba, lokacin da nake so kowace kalma ta isa kunnen yaro.

Ba kowace fanka ce ke karɓar wannan saƙo ba, sai wadda injinta ke da nasa ƴan kayan lantarki a ciki. Kada mai gyara ya ɗaura wa fankar gama-gari abin rage hasken fitila, za ta yi ta gurnani tana zafi har ta lalace. Wanda kwamiti ya aika sayayya, ya buɗe kwali ya duba wurin ɗaura wayoyi. In ya ga an rubuta 0–10 V, ita ce.