Kuɗin iyaye da kyamarar da na kusa saye

Bara, da sakamakon BEPC ya fito bai yi mana daɗi ba, kwamitin iyaye na kwalejinmu ya zauna. Wani ya ce tunda yara na rasa darasi da yawa a farkon shekara, wasu suna gona wajen girbi, wasu zazzaɓi ya kwantar, a riƙa ɗaukar darussan ajin ƙarshe a bidiyo ana zuba musu a waya. Aka shiga karo-karo, har mai tuyar ƙosai ta bakin ƙofa ta sa nata. Sai a watan Maris kuɗin suka cika jaka 900. Da yake ni ke koyar da kimiyya, aka ɗauka na san na'ura. Shugaban kwamiti, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya miƙo mini kuɗin a leda ya ce, "Mushe, ga amana. A sayo babba, irin ta ƴan talabijin."

Babbar kuwa na fara samu. A wani shago nan Maradi aka fito mini da Sony Z1 ta hannu, baƙa, mai nauyi, ga araha. Mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce HD take ɗauka. Abin da bai faɗa ba shi ne a kaset take ɗauka, ƙaramin kaset ɗin MiniDV mai cin awa ɗaya. Kafin hoton ya shiga kwamfuta sai an haɗa su da wayar FireWire, a kunna kaset ɗin ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe. Darasin awa ɗaya, zaman jira na awa ɗaya. Kwamfutar makarantarmu ma ba ta da ramin wannan waya. Har na sa hannu a aljihu, sai Allah ya sa na tambayi kaset nawa gare shi. Ya ce uku, kuma bai san inda zai samo wasu ba.

Na fita na nufi wurin wani tsohon ɗalibina mai ɗaukar bidiyon biki. Ya ara mini tasa ta zamani, irin mai siffar kyamarar hoto, mai ɗaukar 4K, ya ce in gwada kafin in kashe ko dala. Muka ɗauki darasin lissafi na wani abokin aikina da yamma, ƙarƙashin fitilun neyon.

Wannan gwaji shi ya buɗe mini ido. Ba a kai ƙarshen darasin ba kyamarar ta yi zafi ta mutu. Wanda ya san ajin kwano a watan Afrilu ba zai yi mamaki ba. Abin da ta ɗauka kuma kwamfutarmu ta kasa kunna shi, sai tsalle yake yana tsayawa. Lissafin mai sauƙi ne. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato ninki huɗu na cikakken HD mai 1920 da 1080. Kyamarar tana rubuta megabit 100 kowace daƙiƙa, awa ɗaya ta cinye wajen jiga 45. Darasi uku kacal, katin 128 ya cika ya tumbatsa. Ga hoton yana ta ƙiftawa kamar ana kaɗa mafici gaban fitila. Wannan kam kunya ta kama ni, don darasina ne: wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kyamarar kuwa an bar ta a saitin Amurka, hoto 30 a daƙiƙa, inda wutarsu ke bugawa sau 60. A nan ƙasar 25 ko 50 ake sawa.

Mafi muni shi ne sauti. Ana ganin malam yana ta motsa baki, amma abin da ake ji ƙarar fanka ce da haddar ajin da ke maƙwabtaka da mu.

Yaron nan ya yi dariya ya ce, "Mushe, ku kun fara daga kyamara. Ku fara daga inda za a kalla." Na zauna na yi hakan. A ina za a kalla? A wayar uba ko ta yaya, wadda hotunan biki suka riga suka cika, a tura ta Bluetooth ko Xender don ba kowa ke da kuɗin intanet ba. Ke nan kome girman abin da na ɗauka, sai na matse shi ya koma ƙarami kafin ya isa hannun yaro.

Wani malami ya ce to me ya hana mu ɗauka da waya kawai, a mayar wa iyaye kuɗinsu? Na so in yarda da shi, amma allo ya hana. Rubutun alli siriri ne, kuma ƙaramin 2 da ake ɗorawa a kan x in ya ɓace, darasin ya zama ƙarya. Ana buƙatar gilashin da ke jawo allo kusa ba tare da hoton ya dushe ba, da na'urar da za ta yi awa biyu tana aiki ba ta gaji ba. Nan ne HD ke da amfani a gare mu, ba wajen kyan fuskar malam ba.

Daga ƙarshe ƙarama na saya, daga jerin XA na Canon. Tana cin katin SD biyu, kuma a hannunta akwai ramukan XLR na makirfon ƙwararru. Na sa ta a 1080p, hoto 25 a daƙiƙa. Harafin p ɗin nan a kula da shi: na i, wanda aka yi don talabijin, yakan sa hannun malam ya fito da layi-layi kamar haƙoran mataji in an kalla a kwamfuta. Tana iya rubuta AVCHD ko MP4, na zaɓi MP4 a megabit 24, wajen jiga 11 a awa, saboda kowace kwamfuta na buɗe shi, shi kuwa AVCHD a cikin jakunkuna yake ɓoye fayil ɗinsa, wanda bai saba ba sai ya kwafi rabi ya bar rabi. Sauran kuɗin suka tafi a makirfon maƙalawa a wuyan riga, da ƙafa uku, da batir na biyu don ranar da aka ɗauke wuta, da faifan ajiya. Kati ɗaya na araha da na haɗa da shi jabu ne, ya haɗiye mana darasi guda cur.

Ranar da na kai kayan gaban kwamiti, Alhaji ya juya kyamarar a tafin hannunsa ya ce, "Mushe, wannan ƴar mitsitsiyar ce jaka ɗaruruwa?" Ban yi gardama ba. Na tura darasin Talas a wayarsa, ya kira jikarsa da ke ajin ƙarshe ya ce ta karanto abin da ke allon. Ta karanto tsaf, har da ƙananan lambobin. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in ba shi takardun sayayya, na ba shi.

Yanzu darasi 14 ke gare mu. A ajina akwai yara tara da babu waya mai hoto a gidajensu, bakwai daga ciki ƴan mata ne. Su ranar Laraba da yamma nake buɗe musu ofishin malamai su kalla a kwamfuta, in akwai wuta.