Darɓa A Lambun Barkono

A bakin kogin Usuma, can gefen Gwagwalada cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, akwai wani dattijo mutumin ƙasar Kano wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya kama ɗan fili yana noman rani na barkono da tattasai da attaruhu. Abin da ya samu a ciki shi ne cefanen gidansa da kuɗin makarantar jikokinsa. Maƙwabtansa sun daɗe suna mamakin wata ɗabi'a tasa, domin kullum gari ya waye sai ya bi lambun tushe-tushe, yana ɗaga ganye yana leƙa bayansa kamar mai neman kwabon da ya ɓace.

Darɓa yake nema, kuma yana da dalili. Yana saurayi a shekarar 1975 ya ga gonar gyaɗar mahaifinsa ta ƙanƙance ta yi rawaya, ba a ɗauki abin kirki ba. A shekarar nan cutar da wata irin darɓa ke yaɗawa ta halaka gyaɗa a fili mai faɗin kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya, kuma tana cikin musabbaban da suka sa dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Tun daga ran nan bai ƙara raina wannan ƙwaro ba.

Darɓa ba ta kai ƙwayar gero ba, amma macen tana haihuwar 'ya'ya rayayyu ba tare da namiji ba, su kuma cikin kamar mako guda sun isa haihuwa. Tana tsotse ruwan sabon toho har ganye ya naɗe, ta zubar da wani danƙo mai zaƙi wanda baƙar funfuna ke hawa. Tururuwa na son danƙon nan, saboda haka take gadinta. Babbar ɓarnarta kuwa ita ce cutar da take ɗaukowa a baki daga tushe mai ciwo zuwa mai lafiya cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma barkonon da ya kamu ba shi da magani.

Wata shekara maƙwabcinsa ya ga darɓa ta yi yawa, sai ya yi ta feshin magani mai ƙarfi. Maganin ya kashe har da jan ƙwaron nan mai baƙaƙen ɗigo wanda darɓa ce abincinsa, ba a jima ba ta dawo ninkin ba ninkin.

Shi dattijon ga yadda yake yi. Yakan kewaye lambun da layukan masara, domin darɓa mai fiffike ta fara sauka a kansu. Ba ya cika takin yuriya, don shi ke kawo toho mai taushi da take so. In ya ga tururuwa na hawa tushe, ya san akwai magana a sama. In darɓar kaɗan ce, sai ya murtsuke ta da yatsa ko ya wanke ta da ruwa. In ta yi yawa, sai ya daka ƙwayar 'ya'yan dalbejiya, giram 50 ga kowace litar ruwa, ya jiƙa ta kwana, ya tace, ya sa ɗan sabulu, ya fesa bayan ganye da yamma, ya maimaita bayan mako. Tushen da ganyensa ya yi dabbare-dabbare kuwa, tumɓuke shi yake yi ya binne nesa, ko da ya fara 'ya'ya.

Tumɓukewar nan ita ta fi yi masa ciwo, amma wanda ya ga 1975 ya san hasarar tushe guda ta fi hasarar lambu sauƙi. Yanzu maƙwabcin nan nasa ma da sassafe akan gan shi duƙe yana ɗaga ganye. Allah ya ba manomanmu amfani mai albarka, amin.