Abin da ke manne a kan Auta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, kun saba da ganin darasin fiƙihu a wannan zaure kowane daren Alhamis. Yau zan ajiye babin da muke ciki, domin tambayoyinku sun yi yawa a kan abin nan da kuke gani manne a kan ƴar autata idan ta biyo ni masallaci. Wani ya tsayar da ni bayan Magariba yana tambayar ko alwala tana inganta da shi. Wani kuma, cikin ladabi, ya ce yana jin tsoron kada ya zama canza halittar Allah. Na ga ya fi kyau in ba ku labarin tun daga tushensa, don amsar tana cikinsa, kuma akwai laifin kaina da nake son ku sani.

An haifi Auta lafiya lau. Ni da kaina na yi mata kiran salla a kunnen dama ranar da ta zo duniya. Tana da shekara ɗaya da ƴan watanni, ta fara cewa "Baba", sai sanƙarau ya kama ta a farkon 2023, lokacin da cutar ta ɓulla a nan jihar Damagaram. Waɗanda suka yi jinya a wannan lokaci sun san abin da nake faɗa. Allah ya tashi kafaɗarta, muka dawo gida muna godiya, muna ganin an gama.

Mahaifiyarta ce ta fara lura. Gidanmu yana jikin masallaci, lasifikar ladan kuwa kusan a kan ɗakinta take, kuma a da kiran Asuba yana tashin yarinyar. Sai ya zama ana kira tana barcinta. Tasa ta faɗi a bayanta ba ta waiga ba. Mahaifiyarta ta ce mini: "Malam, yarinyar nan ba ta ji." Na ce mata ta bari, jiki ne bai gama dawowa ba. Ta sake faɗa, na sake ba ta haƙuri, na yi tofi, na yi rubutu aka ba ta ta sha. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yi, amma na yi amfani da ita a lokacin don in guje wa abin da nake tsoron ji, kuma na yi watsi da shaidar mutumin da ya fi kowa sanin yarinyar. Kusan wata biyu muka ɓata a haka.

Da muka yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, aka yi mata gwajin ji da na'ura tana barci, aka ɗauki hoton kanta da sikana, likita ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da har yau nake jin nauyinsa. A can cikin kunne akwai wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa, cike da ruwa da wasu ƙananan gashi masu laushi, su ne ke mai da sauti saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Sanƙarau yana kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Abin da ya fi haka, bayan cutar gurbin yakan fara toshewa ya zama ƙashi, wani lokaci cikin makonni kaɗan, idan kuwa ya toshe, shigar da na'ura yana wuya ƙwarai. Na kunnen hagu ya riga ya yi nisa. Na dama yana da sauran hanya. Don haka nake roƙon duk wanda ɗansa ya tashi daga sanƙarau, ya kai shi a gwada jinsa nan da nan, ko da yana ganin lafiyarsa ƙalau.

Ba zan tsawaita a kan kuɗi ba. Kun san gonar da na sayar, kun san abin da kuka tara bayan sallar Juma'a, har da tsohuwar da ta kawo jaka biyu ƙulle a gefen zane. Allah ya saka. A Tunis aka yi aikin.

Ga yadda abin yake, don masu cewa an sa mata sabon kunne. Kashi biyu ne. Ɗaya yana ƙarƙashin fata a bayan kunne, da siririyar waya da aka zura cikin katantanwar nan. Ɗayan shi ne wanda kuke gani: yana rataye a kunne, yana da makirufo da batir, sai ɗan faifai kamar tsabar dala ashirin da ke mannewa a kai da maganaɗisu. Na waje yana ɗaukar sauti ya mai da shi saƙon lantarki, ya miƙa wa na ciki ta cikin fata, na ciki ya taɓa jijiyar ji kai tsaye. Bayan aiki sai da muka jira kusan wata ɗaya rauni ya warke kafin a kunna. Na zaci ranar za ta juyo ta kira ni. Abin da ta yi shi ne ta tsala kuka ta fizge shi ta yar. Likita ya ce haka yara da yawa suke yi, domin abin da ke shiga ƙara ce da ƙwaƙwalwa ba ta san ma'anarta ba tukuna, sai an koya mata.

Wannan koyarwa ita ce rayuwarmu yau fiye da shekara biyu, kuma mafi yawanta a kan mahaifiyarta take. Da safe, kafin koko, a duba batir, a sa na'ura, a tsaya a bayanta a yi wasu sautuka a ga ko za ta maimaita. Daga nan magana ce ba tsayawa: ga buta, ga ruwa, ruwa yana zuba, ji turmi, ji akuya. Ni da aka san ni da ƙarancin magana a cikin gida, na koma mai surutu da ƴar shekara huɗu, yayyenta suna dariya. Da dare a cire, a goge, a sa a akwatin busarwa, a sa batir a caji. Ƙurar hunturu tana toshe makirufo, zufar bazara tana shiga cikinsa. Lokacin da wuta ta yi ƙaranci a 2023, sai da na sayi ƙaramar na'urar sola don batir ɗinta kaɗai, kuma na hana kowa sa wayarsa a jiki, har ni.

Da yake kunne ɗaya ne, tana jin kira amma ba ta sanin daga ina ya fito. Za ku ga na kira ta tana juyawa tana nema. A cikin gida abin dariya ne, a bakin hanya kuwa da kabu-kabu ke wucewa ba abin dariya ba ne. Haka nan na'urar ba ta isar da hawa da saukar murya sosai, Hausa kuwa da su take rarrabe kalmomi. Ta daɗe tana faɗin kukar miya da muryar kukan hawaye. Inda mutane suka yi yawa, ko lasifika tana amsa kuwwa a bango, maganar takan cakuɗe mata. Idan za ku yi mata magana, ku zo ta damarta, ku bari ta ga bakinku, ku yi magana yadda kuka saba. Ihu ba ya ƙara mata komai. Ku kuma ja kunnen yara kada su taɓa abin ko su buge ta a wajen.

Yanzu ga tambayoyinku. Game da canza halitta: wannan magani ne da mayar da abin da cuta ta ɗauke, kamar tabarau ga mai raunin gani. Ya zo a hadisi cewa an yanke hancin sahabi Arfaja ɗan As'ad a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin irin waɗannan abubuwa. Game da alwala: abin da ke ƙarƙashin fata ba ya hana tsarki, domin fatar ake shafa. Na waje kuwa cire shi abu ne mai sauƙi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya shafar kai gaba ɗaya ake yi, don haka a cire, a shafa kai da kunnuwa, a bari wurin ya bushe, a mayar. Ita Auta ba a ɗora mata salla ba tukuna, amma tana tsugunawa kusa da ni da ƴar butarta, kuma ta san ta miƙo mini abin kafin ta taɓa ruwa. Wallahu a'alamu.

Sai dai ku lura da abin da wannan yake nufi. Duk lokacin da take alwala, ko wanka, ko barci, kurma ce kamar ranar da muka je Yamai. Na'urar ba ta warkar da ita ba, aron ji take ba ta. Na gane haka sosai a bara, da ƴar igiyar da ke haɗa faifan da na'urar ta tsinke. Babu ita a kasuwar Dole, babu ita a Yamai, sai da muka jira wani matafiyi ya taho da ita, kwana 38. A kwanakin nan na zauna gaban ƴata da duk abin da na karanta na nahawu da balaga, ban iya tambayarta ko me ke mata ciwo ba.

Wanda ya cece mu a kwanakin nan kun san shi duka, ko da yake ba zan ambaci sunansa ba. Dattijon nan kurma mai gyaran keke, wanda yake tsayawa a ƙarshen sahu na biyu. Ya ga halin da muke ciki, ya fara zuwa zaurena bayan La'asar, yana koya mata maganar hannu: ruwa, ci, ciwo, uwa, gobe. Cikin mako guda ta fara ba shi labari da hannuwanta tana dariya. Akwai masu koyar da magana da ke ganin ishara tana sa yaro kasala wajen amfani da baki, kuma an faɗa mana haka. Ni dai abin da na gani a gidana shi ne bayan an gyara na'urar, kalmomin da ta riga ta sani da hannu su ta fi saurin kamawa da baki. Kuma ba zan bar ƴata da harshen da batir ke iya kashewa shi kaɗai ba.

A nan ne laifina na biyu yake, kuma ya fi na farko girma. Shekara 18 wannan bawan Allah yana salla a bayana. Na ɗaura auren ƴarsa. Ban taɓa tambayar kaina me ya sani na addininsa ba. Da na fara fahimtar hannunsa, sai na tarar ruku'u da sujada ya iya su da kallo, amma ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke warware alwala filla-filla, ko yadda ake gyaran salla da ƙabli da ba'adi, ko nisabin zakka. Ya halarci huɗubata ɗaruruwa, bai san a kan me nake magana ba ko sau ɗaya. Ya nuna mini da hannu cewa idan ya ga mutane suna kuka a tafsirin azumi, yakan sunkuyar da kai don kada a ga shi kaɗai idonsa a bushe.

Na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala tun ina yaro, na san malamanmu ba su manta da irinsa ba. Sun ce wanda ba ya iya furta kabbarar harama, ta faɗi a kansa, niyya ta isar masa. Sun ce isharar bebe da ake fahimta tana tsayawa matsayin magana a aure da saki da ciniki. Na karantar da waɗannan mas'aloli sau da yawa kamar labarin wata ƙasa, alhali mai su yana bayana da taku uku. Na kuma sha fassara muku dalilin saukar Suratu Abasa, a kan makahon sahabi Abdullahi ɗan Ummi Maktum da ya zo neman ilimi. Sai da aka jarrabe ni a cikin gidana kafin na waiga.

Yara nawa ne a unguwannin nan da sanƙarau ko wata cuta ta ɗauke musu ji, waɗanda iyayensu ba su da gonar sayarwa? Mafi yawansu ba za su taɓa ganin wannan na'ura ba. Ana kiransu da "bebe" a madadin sunan da aka raɗa musu da rago, ana aika su ɗibar ruwa lokacin da ƴan'uwansu ke tafiya makarantar allo, da hujjar cewa ba a ɗora musu ba. Hankalinsu cikakke ne, za su balaga, kuma koya musu tsarki da salla gwargwadon abin da za su iya ɗauka yana wuyan iyayensu, idan iyaye sun kasa yana wuyanmu.

Ita Auta yanzu tana ƙoƙarin Fatiha. Haruffan maƙogwaro suna ba ta wuya, ha mai kauri da ha mai taushi duk ɗaya suke a wajenta, sai in ɗora hannunta a wuyana ta ji inda kowanne yake fitowa. Mun kai aya ta uku a wata biyar. Ni da na taɓa dukan almajiri a kan madda, na koyi jira.

Daga Asabar mai zuwa, bayan La'asar, za mu riƙa zama a zauren masallaci ni da dattijon nan. Shi zai koya mini hannu, ni in koya masa babin tsarki, kuma duk mai yaro ko babba da ba ya ji ya kawo shi, mace ko namiji, an tanadi wurin mata. Ina neman matasa biyu ko uku masu haƙuri da za su lizimci zaman har su iya tsayawa gefen mumbari ranar Juma'a. Wanda ya shirya ya same ni bayan Isha'i.