Ƙaton kwaɗon kogunan Kamaru

A kudancin Kamaru da Ikwatoriyal Gini, inda koguna ke gudu da ƙarfi kan duwatsu, akwai kwaɗon da ake kira Goliyat. Duk duniya babu kwaɗon da ya kai shi girma: tsawon jikinsa yakan kai santimita 32, nauyinsa ya haura kilo 3. Burduddugin fadamarmu a gefensa yaro ne.

Amma ba girman ne ya fi tsaya mini a rai ba. Masu bincike sun gano cewa yakan share wuri a bakin kogi, ya ture duwatsu, wasu har kilo 2, ya yi ɗan tafki inda ruwa ba zai kwashe ƙwai ba. Da dare kuma babba yakan tsaya gadi.

Nakan yi tunanin wannan wahalar. Ga ƙarfi, amma a hidimar 'ya'ya ake kashe shi. Sai dai gadin bai kare shi daga mutum ba. Farauta saboda nama da saran daji sun rage yawansa, har ya shiga jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.